Ranar da Waya Ta Kira Alhaji da Sunan da Na Ɓoye

Ba zan taɓa mantawa da zaman da muka yi a Watari ba, ko da yake na roƙi Allah Ya mantar da waɗanda suka halarta. Shekara arba'in ina sayar da iri da taki a Makoɗa, ban taɓa neman wani ya tuna mini sunan mai sayayya ba. Sai ga shekarar da taki ya yi tsadar da masu ɗaukar buhu suka koma awon mudu, kowane ɗan kasuwa yana farautar manoman ɗan'uwansa.

A lokacin ne Malama Rabi, ɗiyar wani aminina marigayi daga Dawakin Tofa, ta zo mini da wata manhajar waya da ita da abokan aikinta suke haɗawa domin ƙananan 'yan kasuwa. Tana riƙe sunayen masu sayayya da lambobinsu, ta kuma aika musu saƙo idan kaya sun iso. Ta ce, "Baba, abin bai gama nuna ba. Ku gwada mana, ku faɗi aibinsa." Na amsa, domin kuwa faɗin aibi fannina ne. Da ta fara bayanin yadda saƙon yake fita, sai na mai da hankalina ga awon irin barkono (dattijo ba ya zama a gaban ɗiyar abokinsa kamar ɗan aji ɗaya). Ta nemi ta shigar mini da sunayen, na ce na yi yaƙi da jahilci tun ba a haife ta ba.

Mako uku ina dannawa da yatsa guda. A nan na gamu da cikas. Mutum goma sha ɗaya cikin manomana sunan mahaifina gare su, ni kuwa ban taɓa furta sunan nan ba, balle in rubuta shi. Saboda haka na sa wa kowa sunan da nake kiransa da shi a zuci. Da abin ya yi mini daɗi, sai na bi sauran ma. Akwai Dogo Ba-sallama, akwai Malam Kunnen-ƙashi. Shugaban manoman rani na Watari kuwa, wanda a fili nake ce wa Mai Sunan Baba, na rubuta shi Alhaji Ciniki-har-Magariba.

Wannan bawan Allah shi ke yanke wa ƙungiyarsu wurin da za ta sayi irin albasa, kuma a shekarar nan idan suka juya mini baya, rufe shago ne kawai ya rage. Na tafi zamansu bayan La'asar, ga wani mai sayar da iri daga birni ya riga ni. Sai girman kai ya raɗa mini in nuna musu cewa tsufa bai bar ni a baya ba. Na zaro waya na ce, "Daga yau ba sai kun aiko tambaya ba. Ku saurari aljihunanku." Na danna.

Wayoyi suka ɗauki ƙara ko'ina a rumfar taron. Alhaji ba ya gani sosai, sai ya miƙa tasa ga sakatarensu, mutum mai muryar ladan. Ya karanta a tsanake: "Assalamu alaikum Alhaji Ciniki-har-Magariba, sabon irin albasa ya iso."

Kowa ya zaro tasa wayar. Can wani ya ce daga bayan rumfar, "Ni wai Dogo Ba-sallama." Wani ya ce, "Kai ka gode Allah." Mutumin birni ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa gumi ya jiƙa rawanina har ya gangaro cikin kunne.

Da na so, da na ɗora wa manhajar laifi, kowa ya san sabuwa ce. Ban yi ba. Na miƙe, na gyara riga, na ce, "Ni na rubuta, da yatsan nan. Wanda na yi wa ƙarya ya tashi in ba shi haƙuri."

Babu wanda ya tashi. Alhaji ya duba rana ya ce, "Zauna, ɗan nan. Da sauran lokaci kafin Magaribar taka." Ya murɗe ni a cinikin nan har ladan ya kira salla, ya sayi irin a kan farashin da ba na son tunawa. Amma a wurina ya saya.

Washegari na ba Malama Rabi hukuncina: manhajarsu tana da amfani, sai dai dole ta riƙa nuna wa mutum saƙo kafin ta aika. Ta ce cikin ladabi, "Baba, ai tana nunawa. Ku ne kuka danna sau biyu." Na ce to a ƙara girman rubutun.

Har yau ina aiki da ita, kuma na koyi cewa mai neman aibin abu ya kamata ya saurara sa'ad da ake bayaninsa. Mutanen Watari ma sun raɗa mini nawa sunan. Na san da shi, domin suna murmushi idan na yi sallama, amma babu wanda ya yarda ya faɗa mini.