Ranar da Hayaƙin Turare Ya Tona Mini Asiri

Ko zan manta sunana, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka haska fim ɗinmu a tsakar gidan Hajiya Dudu a unguwar New Bell ba.

Ni dai sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga makarantar manya. Matan unguwa suka yi dariya har suka gaji, ni kuwa na ƙara da kwas ɗin koyon fim don in ƙara musu ciwon ciki. Da aka ce kowane rukuni ya yi gajeren fim, na ce namu a kan Hajiya Dudu za a yi, yayar mijina, wadda duk amaryar unguwar nan da turaren wutarta take tarewa. Ni na riƙe makirfo ranar ɗauka, ni kuma aka ɗora wa kula da montaj, wato yanka hotuna da haɗa su. (Ba zaɓena aka yi ba, tsawa na yi aka bar mini.)

Mai yi mana montaj ɗin wani ɗalibi ne, Serge, ɗan ƙabilar Bassa. Hannunsa na da kyau, amma Hausarsa daga "sannu" sai "na gode". Malaminmu ya ja mini kunne: "Ki zauna kusa da shi, ki riƙa fassara masa abin da ake faɗa."

Na zauna yini guda. Jama'a, aikin nan ya fi tsintar tsakuwa a shinkafa cin rai. A mayar baya, a dawo gaba, a sake mayarwa. Ga shagona na atamfa a rufe. Na miƙe na ce, "Serge, ni ba kaza ba ce da zan kwanta kan ƙwai. Inda ka ga hoto ya yi kyau, murya ta yi daɗi, sa shi."

Da ya gama ya kira ni: "Maman, il faut regarder d'abord." Wai in zo in duba tukuna. Na ce masa in ya ga na hau bensikin, wato acaɓa, na ratsa cunkoson nan don kallon abin da ni na ɗauka da hannuna, to ba ni ba ce.

Ranar haskawa na gayyato kowa, musamman masu dariyar nan. Aka kafa farin zane a bango, Hajiya ta hakimce a kujerar gaba, maigidana na gefe da abokansa. Na ɗaura ɗankwalin da ya fi ƙofar gidan faɗi.

Fim ya fara. Hayaƙi na tashi a hankali daga kasko, ga wani kiɗa mai sanyi. Wallahi har ƙwalla ta taru mini. Sai wata murya ta shigo, ƙasa-ƙasa, cikin raɗa mai ratsa zuciya:

"Wannan tsohuwa da surutu, kamar rediyo mai sabon batir."

Muryata ce. Ashe lokacin da nake yi wa abokiyar karatuna Fadimatu gulma a wurin ɗauka, makirfon na manne da haɓata. Serge ya ji raɗa mai taushi, ya ɗauka wani zance ne mai hikima, ya ɗora shi a kan hayaƙi. Har ya rubuta a ƙasa da Faransanci wai "hikimar iyayenmu mata".

Na ce a raina, Allah Ka sa wuta ta ɗauke. Wutar da kullum sai ta ɗauke a New Bell, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Muryar ta ci gaba:

"Turaren ma rabinsa sukari ne. Ni a unguwar Akwa nake sayen nawa, in juye a kwalbarta."

Maigidana ya sunkuya yana nazarin takalminsa. Serge kuwa daga bayan na'ura yana ɗaga mini babban yatsa, yana murmushi.

Hajiya ta juyo a hankali. "Serge, ɗana, mayar da shi baya. Tsohuwa ce ni, ban ji da kyau ba."

Fadimatu, Allah Ya saka mata, ta fassara masa. Ya mayar. Wannan karon har da masu maimaitawa tare da ni.

Na durƙusa na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, sharrin baki ne."

Ta ce, "Ba komai, amaryarmu. Gobe ki zo ki juya tukunya da hannunki, ki auna sukarin. Surutun kuma kyauta ne."

Har yau duk ranar haɗin turare ina can da muciya, hayaƙi na cin idona, rediyo na aiki, ba halin kashewa. Malam ya ce fim ɗinmu ya fi na kowa gaskiya.

Abin da na koya? Na ƙi zaman kujera kusa da Serge a ɗaki mai fanka, ga ni ina zaman kujerar tsugunno gaban murhu. Yanzu in ana montaj, ko fitsari ya matse ni sai an tsayar da na'ura. Gulma kuwa ban daina ba, sai dai nakan fara shafa haɓata.