Inno Ta Zo Neman Ƙarshen Labari

"Lafiya lau, ya hanya, ya mutanen Wagini? Au, ashe ke ce! Na ɗauka an daɗe da yin sadakar arba'in ɗinki."

"Sai na ci gumbar taka tukuna, ja'iri. Matsa in zauna."

Armaya'u ya kwashe wayoyin da ke kan benci, kakarsa Inno ta zauna a rumfarsa ta caji da ke kasuwar Batsari. Ta ce gishiri ta zo saye. Gishiri dai ko a Wagini ba a rasa shi, kuma kowa ya san Inno ba ta hawa babur sai da dalili mai ƙarfi.

Dalilin kuwa abin kunya ne. Da Armaya'u ya je gida da sallah, kwana uku ya yi yana buga wani wasa a waya, irin wanda mutum ke zama jarumin labarin, ya zaɓi abin da zai faɗa da hanyar da zai bi. Yana bugawa yana fassara mata: wani maharbi da karensa sun tafi neman dodon da ya shanye kogin garinsu. Inno ta kushe labarin tas, ta ce ba kai ba gindi. Yana juya baya ta kwashe shi ta ba jikoki, wai tatsuniya ce da ta gada wurin kakarta. Shekara hamsin tana tatsuniya ba a taɓa kama ta da aro ba. Yanzu ga shi ta kai maharbi bakin wata gada ta cije, don nan mai wayar ya tsaya kafin ya koma Batsari, yara kuma sun hana ta sakat.

"Ga mai gishiri can," in ji Armaya'u. "Ko in raka ki, kada a sace mani amarya?"

"Wa za ya saci matar matsiyaci? Miji ba noma, sai latsa gilashi." Ta gyara mayafi, ta kau da kai. "Wai shirmen nan naka, mutumin nan mai kare. Halan ya ƙetare gadar?"

"Wane shirme? Wanda ba kai ba gindi?"

"Shi."

"Ikon Allah. Ramatu ƙanwata ta bugo mani shekaranjiya, ta ce kin ba su wata tatsuniya ta kaka da kakanni, har da gada. Na ce ashe kakar taki ma tana kawo caji."

Inno ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce tsintuwa ai ba sata ba ce. Ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"To, na ara," ta faɗa can ƙasa-ƙasa. "Kayan aro kuma ba ya rufe katara, na gani. Faɗa mani ƙarshen in tafi, kada yara su gane tsohuwarsu ta yi ƙarya."

Sai Armaya'u ya shiga jujjuya wata caja da ba abin da ya same ta. Da ƙyar ya ce mai tsaron gadar ya ba shi zaɓi, ko ya bi ta daji da karensa, ko ya bar karen a ba shi takobin zinariya ya wuce.

"Ka bi ta daji."

"Takobin na da kyau, Inno."

"Karen da ya jawo ka daga rijiya? Kai, Allah wadaran naka ya lalace. To, mi ya same ka?"

"Ba komai. Na kashe dodon, ruwa ya dawo, aka naɗa ni sarki."

"Ba wanda ya ce ina kare?"

"Ko mutum guda."

Ya ce abin da ya fi ci masa rai ke nan, tun ranar bai sake buɗe wasan ba, kunyar kansa yake ji. Nan Inno ta ji ƙarfinta ya dawo, ta miƙe zaune sosai.

"Shi ya sa na ce ba gindi. Labarin da za a ci amana a sha naɗi? Masu wasan nan zane suka iya, ba su da kaka. A nawa, ruwan za ya dawo, amma duk sa'ad da maharbi ya duƙa za ya sha, fuskar karen za ya gani a ciki."

Armaya'u ya ajiye cajar. "Daga nan fa?"

"Tatsuniya da rana tsaka? So kake ka ɓace a kasuwa? Ka zo Wagini ka zauna kan tabarma cikin 'yan'uwanka yara."

Ya yi dariya, ya ɗaga hannu sama, ya kira mai nama ya ƙunsa mata balangu. "Na sallama. Wurin kakarki kika gada, ni shaida ne."

Inno ta karɓi ƙunshin ta cusa a mayafi. "Madalla da miji. Amma ka sani, tun jiya yara ke tambayar sunan maharbin. Armaya'u zan ce masu."