Baba Bohu Bai Taɓa Fitowa a Gidan Kallo Ba

Ranar Asabar ɗin ƙarshen watan jiya na kai 'yata Najiba filin ƙwallo a Hyattsville, garin da muke zaune a nan Amurka, sai na tarar an kafa rumfa a bakin raga, an jera kujeru da lemo. Ashe ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ce ta zo ƙaddamar da wasan yara, wanda aka daɗe ana yi ba da sanin ƙungiyar ba.

Mai koyar da yaran maƙwabcina ne, Bohuslav, dattijo ɗan ƙasar Czech. Baba Bohu muke ce masa, don harshenmu ya huta. Ƙuruciyarsa duk a tsaron baya ta ƙare a kulob-kulob na ƙasarsu, har gwiwa ta ce ta gaji. A garinsu, in ji shi, mai aski ma hotonsa ya liƙa a bango. A nan kuwa ko mai kawo wasiƙa bai iya sunansa ba. Amma wallahi shi kaɗai ya iya raba Najiba da waya, ya haɗa ta da 'ya'yan Hausawa.

Mai Girma Shugaban Kwamitin Wasanni, Allah ya ja zamaninsa, ya naɗe babbar riga ya buga ƙwallon farko. Takalminsa ya riga ƙwallon shiga raga. Muka tafa. Sannan ya sanar cewa an naɗa surukinsa sabon koci.

Na matsa na rusuna. "Ranka ya daɗe, Baba Bohu fa? Sana'arsa ce fa."

"Malam Sabo, ka yi zaman gidan kallo a Kano?"

"Sosai, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa ganinsa a talabijin?"

"A'a. Ai wasan Ingila da Sifen kawai ake nuna mana."

"To ka gani. Surukina kuwa ko wasa ɗaya bai taɓa wuce shi ba."

Hujja ta yi ƙarfi, na koma na zauna.

Kada a ce ba a karrama dattijon ba. An cika masa faranti da dafa-duka, aka kuma roƙe shi ya taya kwashe kujeru, tunda da sauran ƙarfinsa. Ya kwashe, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya ya ba su hannu, ya tafi. Washegari wata ƙungiyar ƙwallon yara a garin Springfield ta ɗauke shi.

Sabon koci ya fara aiki da zaunar da yara a ciyawa, ya yi musu bayanin yadda wani alƙalin wasa ya cuci kulob ɗinsa tun ba a haife su ba. A mota Najiba ta ce mini, da Turanci, ita ta gama. Ban ga laifinta ba, amma abin ya yi mini ciwo. Yanzu yara uku suka rage a filin, biyu na kocin ne.

Shugabanni dai ba sa barci. An kafa kwamiti ya binciko dalilin da ya sa 'ya'yanmu ke gudun al'ummarsu, har da ni a ciki. Asabar za mu zauna. Na ce su fara, zan ɗan makara, sai na kai Najiba Springfield tukuna.