Rasuwar Dogon Kwat Mai Rufin Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Bartholomew, mazaunin Germantown a jihar Maryland, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar amintaccena, Dogon Kwat, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da ta wuce a garin Lanham, bayan doguwar jinyar zif.

Ba a san shekarun marigayi ba, domin a gwanjo na same shi, ya riga ya ga jiya ya ga yau. Baƙi ne wuluk, dogo har idon sawu, da faɗin da mutum biyu za su shiga su yi hira. Ga waɗanda ba su sani ba, kuma kusan dukanku ne, ni mutum ne mai son sa kayan mata. Tun ina yaro a Jos nake satar gwada ɗankwalin yayata. Da na zo ƙasar nan na sami ɗakin kaina, sai na ba da ɗinkin riga da zani, na sayi jan baki, na riƙa kiran kaina Irene a gaban madubi. To amma madubi ba ya amsa gaisuwa. Ina so in fita, tsoro ya hana ni, har Allah ya haɗa ni da marigayi.

Aikinsa ɗaya ne, kuma ya riƙe shi amana. In na gama ado sai ya lulluɓe komai, hularsa ta rufe ɗankwali, kwalarsa ta rufe baki. Haka muka hau jirgin ƙasa, muka zaga kantuna, ni ina jin kaina Irene, jama'a suna ganin buhun gawayi yana tafiya. Marigayi ba mai surutu ba ne. Iyakar maganarsa "zuuut" in an ja shi sama, kuma da na ji wannan kalma hankalina ke kwanciya.

Haƙurinsa kuwa sai wanda ya gani. A watan Yuli, lokacin da kowa ke yawo da gajeren wando, muna nan manne da juna, gumi yana wanke hodar da na ɓata safiya ina shafawa. Wata tsohuwa ta taɓa miƙo mini ruwan sanyi a tasha, ta ɗauka zazzaɓi ke damuna. Na karɓa na yi godiya, ban cire shi ba.

Ciwon ajali ya fara ne da cijewar zif. An goga masa sabulu, an goga masa kyandir, an matse shi da filaya. Na kai shi wurin Sadiyya, telar da ke yi mini ɗinki ba tare da yawan tambaya ba, ta juya shi, ta girgiza kai, ta ce sai dai addu'a. A ranar ne kuma na ga wata koriyar atamfa jibge a shagonta, na ce a yanka mini daga ragowar. Kowace mace ta san in atamfa iri ɗaya ta cika shagon tela, sai an tambayi bikin wa za a yi kafin a sa. Ni da na yi karatuna a gaban madubi, wa zai gaya mini?

Ranar da abin zai faru, na sa sabuwar atamfa, marigayi ya rufe ni, muka tafi Lanham sayen kuka da daddawa. Na fito daga shago, na sunkuya zan ɗaga galan ɗin manja, sai na ji "faaat". Zif ya tsage tun daga ƙasa har wuya, hula ta zame baya. Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Da na ɗago, filin motoci cike yake da mata suna sauke kuloli, za su shiga zauren biki da ke gefen shagon, kuma kowacce sanye da koriyar atamfata. Ashe ankon biki na saka, ba gayyata.

Wadda ta fi kusa da ni ita ce Mama Olive, tsohuwar nas, ƙawar mahaifiyata tun a coci a Jos. Idan akwai idon da na yi shekaru ina gudu a faɗin Maryland, nata ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta dube ni daga takalmi har ka.

"Bartholomew ne?"

"Ni ne, Mama."

"Wa ya ɗaura maka ɗankwalin nan? Sai ka ce mai ciwon kai. Sunkuyo."

Na sunkuya. Ta warware, ta sake ɗaurawa, hannunta ba tausayi. Ta ce ita dai ba ta gane wannan al'amari ba, kuma akwai zama tsakaninmu. Sa'an nan ta nuna mini kular shinkafa, ta ce wanda ya sa anko ba ya tsayawa kallo. Na ɗauka na bi layi har ƙofar zaure, marigayi yana rataye a kafaɗata ba rai. Wata ta yi tsaki, wasu suka yi ƙus-ƙus, wata kuma ta tambaye ni wa ya yi mini ɗinki. Duk da haka shinkafa ba ta zube ba. Da na koma mota na yi kuka sosai, kuma ba na baƙin ciki kaɗai ba ne. A ranar aka fara ganina.

Marigayi ya bar takalmi mai tsini da bai taɓa taka titi ba, da gyale, da 'yan kunne masu matsi, da kuma maratayinsa da ke tsaye shi kaɗai a bayan ƙofa. Ya bar ni ma, ban san ko labari ya isa Jos ba, kuma duk sa'ar da waya ta yi ƙara gabana sai ya faɗi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da rana tsaka. Za a ninke marigayi, a ɗauke shi daga gidana a ƙasa, ba a mota ba, a bi babban titi zuwa akwatin tara tsofaffin tufafi da ke bayan tasha. Iyalan mamaci ba sa karɓar gudummawar sabon kwat, kada kowa ya wahalar da kansa. Masu ta'aziyya su tsaya a bakin hanya, ba za su sha wuyar gane mai makoki ba. Idan kun ga na tsaya ina waige-waige, kada ku kawar da kai, ku ɗaga murya ku ce, sannu Irene, ya haƙuri.

Allah ya ji ƙan Dogon Kwat, ya ba mu ƙarfin zuciyar fita babu shi.