Cokalin Doreen

"Mahaifinka ne, Colin. Kai za ka faɗa masa, ba ni ba."

"Ya ji a rediyo. Duk abin da ya taɓa gaskatawa a duniya a can ya ji shi."

"Ka rage murya," in ji matar Colin.

"Ba zan rage ba. Shi ya zaɓi a fita, to ga shi nan za mu fita."

Bangon da ya raba gidan tsoho Arnold da na ɗansa Colin ba shi da kauri, kamar na sauran gidajen layin da ke jere suna kallon tashar masunta. Arnold na zaune a kicin, shayinsa ya huce, kunnensa na jikin bango. Tun ƙuri'ar da ta fitar da Birtaniya daga Tarayyar Turai shi da ɗansa ba su ƙara haɗa tebur ba. Shi fita ya zaɓa, har ya manna takardar 'yan fita a taga. Colin kuwa matarsa Filomena 'yar Fotugal ce, sana'arsa kai ƙaguwa da ranta kasuwannin Turai. Bayan fitar sai motocinsa suka riƙa kwana a bakin iyaka har kayan ya mutu, daga ƙarshe sana'ar ma ta bi kayan.

Ranar kuma Lahadin kwaɓa fudin ce, wato irin kek ɗin da ake ci da Kirsimeti, wadda kowa a gida zai kama cokali ya juya kwaɓin, ya rufe ido ya yi fata a zuci. Kwanon yana hannun Filomena. Cokalin katakon na marigayiya Doreen ne, matar Arnold, yana kicin ɗinsa. Shi ya sa kowace shekara jikarsa Marisa ke zuwa aro, su juya a can, sannan ta kawo masa kwanon ya juya nasa shi kaɗai.

Ƙofar baya ta buɗe ba tare da an ƙwanƙwasa ba. Marisa ce.

"...kwana, Kaka. Au, ashe kana raye. Har na fara tunanin furen da zan saya."

"Ina raye, don dai in ba ki haushi. Wa ya ba ki izinin shigowa ƙasata? Ina fasfo?"

"Wanne? Biyu gare ni. Kai ɗaya ne da kai, shi ma tun da aka buga shi bai ga rana ba."

"Mai fasfo biyu ba ta da gida, sai yawon cin biskit ɗin mutane."

"Me ya sami kunnenka ya yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa?"

"Danshin bango nake dubawa."

"Da kunne?"

"Yarinya, ni a teku hadari tun bai taso ba nake jinsa. Kuma ai kin sani ni kurma ne, likita ya faɗa."

"Kurman da ke jin an buɗe gwangwanin biskit yana saman bene."

Ta buɗe gwangwanin a gabansa, ta ɗauki biyu, ta hau gefen tebur ta zauna, abin da ya hana ta tun tana 'yar ƙarama.

"Cokali na zo ɗauka."

"Yau ba a fitar da kaya. Gidanku ai Turai ne. Cokalin nan katako ne, sai an duba ko da ƙwari a jikinsa, a buga masa hatimi, ya kwana a bakin ƙofa tukuna."

Maganar na fita ya ji inda ta taka. Marisa ta tauna biskit ɗinta a hankali, tana kallonsa, ta bar shi ya ɗan jiƙa a cikin abin da ya faɗa.

"In ya mutu a hanya kamar ƙaguwar Baba fa, wa za mu kama?"

"Faransawa."

"Kullum Faransawa. Ciwon gwiwar taka ma su ne?"

"Su ne mana. Tun cukun da aka ba ni a bikin uwarki ban ƙara miƙewa daidai ba."

"To ina kifin da aka ce zai dawo mana? Ni na zata yanzu da asuba kifi ke buga maka ƙofa yana gaishe ka da Turanci."

"Kifi ya dawo. Masu kama shi ne suka tsufa, jikokinsu kuma ba su iya komai ba sai latsa waya."

"Da wayar nan nake kira maka likita."

"Shi ya sa ban warke ba."

"Ba ni cokali, Firaministan kicin. Mama ta fasa ƙwai tun ɗazu."

"Ki ba uwarki? Ita da ke juyawa baibai, kamar yadda suke tuƙi a ƙasarsu? Daga gabas zuwa yamma ake juya fudin. Ni na koya wa kakarki."

"Kai? Kai da ka dafa ƙwai har tukunya ta huje? Kaka Doreen ko wanke cokalin nan ba ta bari ka yi."

"Kishi take yi. Ta san hannuna ya fi nata."

Cokalin yana nan tsaye a cikin tulunsa kusa da murhu, inda ko yaro zai iya miƙa hannu ya zare. Marisa ba ta miƙa ba. Shi ma bai kalli wajen ba, kofinsa yake ta juyawa a kan tebur.

"Bana in kin kai shi, zai dawo?"

Ta ajiye ragowar biskit ɗin.

"Ashe kurma ya ji."

"Yaushe?"

"Bayan sabuwar shekara. An sayar da gidan. Ƙanen Mama ya samo wa Baba aiki a kasuwar kifi ta garinsu."

"Ke fa?"

"Da ni."

"Madalla. Biskit ɗina zai huta."

"Zai lalace dai. Kai ba haƙora ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ta bangon aka ji an ja kujera, aka ji famfo, sai kuma shiru.

"Tsohon ƙaguwa, akwai abin da na daɗe ina so in tambaye ka. Kai da ko zaɓen kansila ba ka taɓa fita ba, me ya tashe ka ranar ƙuri'ar nan har da ɗaura lakataya a wuya?"

"Kifi."

"Ka sayar da jirginka tun ina firamare."

"To ƙasa. Kada ki mai da ni wawa, Marisa. Na ga tashar nan jirage sun cika ta har ba wurin ɗaure igiya, na kuma ga ta koma wurin ajiye motocin 'yan yawon buɗe ido. Wasu can nesa suka zauna suka raba mana teku. Wannan da idona na gani, ba a rediyo na ji ba."

"Na sani. Rabin layin nan abin da ka zaɓa suka zaɓa, kuma har yau suna cin naman Lahadi da 'ya'yansu. Wasu ma in za a sake gobe, shi za su sake zaɓa. Amma kowa tagar titi ya manna takardarsa. Kai kaɗai ka manna taka a tagar baya, daidai igiyar shanyar Mama."

"Gam ɗin tagar gaba ba ya kamawa."

"A shekarar Kaka Doreen ta rasu. Bayan an binne ta su Baba suka yi wata rigima a kan komawa Fotugal. Ina saman bene ina ji, kai kana nan kana duba danshi. Sai ka ce a ranka, in aka rufe ƙofar ƙasa, ɗana ba zai sami ta fita ba."

"Ji 'yar banza da ƙirƙira. Da ma littafi kika rubuta."

"Ba wanda ya gaya maka cewa mijin 'yar Fotugal ko an rufe ƙofa goma zai shiga Fotugal?"

Arnold ya ture kofinsa gefe. Labarin kifin ya ba da shi a mashaya, ya ba da shi a wurin aski, ya ba da shi ga fasto, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai ya daɗe da sanin cewa ba shi ne a ƙasan tukunyar ba. Abin da bai sani ba shi ne, yarinyar da ya koya wa ɗaure ƙugiya ita ma ta leƙa ta gani.

"Ko da haka ne," ya ce, "ai sun zauna."

"Sun zauna. Amma ba ƙuri'arka ta zaunar da su ba. Washegarin rigimar, a teburin karin kumallo, Mama ta ce ba inda za ta ta bar ka kai kaɗai da kujerar Doreen. Baba ya so tafiya. Ita ta hana."

"Filomena?"

"Mai juyawa baibai."

"Ban ji wannan ba."

"Ba za ka ji ba. Bangon nan ihu kaɗai yake wucewa da shi. Wannan a hankali ta faɗa, tana shafa man shanu a burodi."

"To me ya hana a zo a gaya min?"

"Sun bari sai Lahadi, a faɗa maka a tebur. Kafin Lahadi takardarka ta hau taga. Mama ta fita shanya ta gani, ta dawo da kayan a jiƙe. Baba ya ce mutumin da ke son a kori matarsa ba ya buƙatar sanin cewa dominsa ta zauna. Daga baya kuma da ta je wurin hukuma neman izinin zama a gidan da ta haife ni, sai maganar ta ƙara tauri. Kai da shi ai ƙaguwa ɗaya ce. Ba mai tafiya gaba, kowa gefe-gefe."

Tsohon ya kalli tagar bayan. Takardar ta daɗe da cirewa, amma sawun gam ɗin na nan a kusurwoyi huɗu, ya yi ruwan ƙasa. Sau da yawa yakan ce zai kankare.

"Su waye suka sayi gidan?"

"Wasu 'yan Landan. Da bazara kawai za su riƙa zuwa. Sauran shekara ba abin da za ka ji, ko ka manna kunnuwa biyu."

Ya tashi da ƙyar, yana dafa tebur, ya zare cokalin daga tulu. Gefe ɗaya na bakinsa ya cinye, don Doreen bahaguwa ce, kuma duk wanda ya kama shi sai hannunsa ya bi yadda nata ya bi.

"Ke duk shekara in kin rufe ido, me kike roƙa?"

"Ba a faɗa. In an faɗa ba ya cika."

"To ga shi ba ki faɗa ba, kuma bai cika ba."

"Wa ya ce maka? Haƙoranka na roƙa su zube."

Dariyar ta ƙwace masa ba shiri, irin mai haɗe da tari, har sai da ya dafa murhu. Ya goge ido da bayan hannu, ya daɗe yana gogewa fiye da yadda dariyar ta kai.

"Kin kayar da ni, 'yar kwastan. Ungo. In an gama ba sai kin dawo da shi ba. Ki tafi da shi can, ki koya musu gabas da yamma."

Marisa ta sauko daga tebur, ta mai da hannuwanta biyu baya.

"Ba ni da takardu."

"Karɓi mana."

"Kai ka kafa dokar. Kaya ba ya ƙetare iyaka. Sai dai in mai kaya ya raka abinsa."

"So kike ki kashe ni."

"Da na ci gadon biskit. Daga ƙofa zuwa ƙofa ne fa, Kaka. Ko ƙaguwa ta iya wannan."

"In ya rufe min ƙofa a fuska fa?"

"Sai ka dawo ka ji abin da zai ce ta bango. Ai ka saba."

Ya tsaya yana kallon cokalin. Sannan ya miƙa mata ta riƙe masa na ɗan lokaci, ya saka kwat ɗinsa na zuwa coci, ya taje 'yan gashin da suka rage masa a gaban madubin zaure, ya karɓi abinsa. Ba ta ce komai a kan tajewar ba, duk da bakinta ya so.

Ta ƙofar gaba suka fita. Iskar teku ta ɗaga gashin da ya taje. Maƙwabciyarsu ta tsallaken titi, wadda ita ma ba ta magana da ƙanwarta tun ƙuri'ar, ta ɗaga labule tana kallo. Arnold ya zagaya ɗan shingen da ke tsakani, ya ƙwanƙwasa da gindin cokalin.

Colin ne ya buɗe, da garin fulawa a hannunsa. Ya yi furfura a gefen kai, abin da mahaifinsa bai taɓa gani da kusa ba. A bayansa Filomena na tsaye rungume da kwanon. Ba wanda ya matsa, ba wanda ya ce shigo.

Arnold ya ɗaga cokalin, ya kalli ɗansa, sannan ya kalli surukarsa, a kanta idonsa ya tsaya.

"An ce kayan ba ya wucewa sai da mai shi," ya ce. "Kuma daga yau zuwa ranar tafiyarku, in za ku yi maganata, ku buɗe min ƙofa. Na gaji da jin rabi."