Agwagwar Turai ta Baba Albert

"Lafiya ƙalau, amarya. Sai yanzu kika ga damar zuwa gaida mijinki?"

"Wane mijin? Ni wani tsoho na zo dubawa, wanda aka ce yau da sassafe ya ci yaƙi shi kaɗai. Ina gajiyar fama, Janar?"

"Gajiya ta bi lafiya. Durƙusa da kyau, ba a gaida jarumi a tsaitsaye."

"In na durƙusa ma gani za ka yi?"

A Kamazou aka yi wannan, farkon daminar shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Lokacin ina haya a gidan Baba Albert, keken ɗinkina yana baranda, don haka ba abin da ke wuce ni. Baba Albert tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, amma in ka tambaye shi sana'arsa, maharbi zai ce maka. Yana da wata bindiga harba-ka-ruga da ya gada wurin mahaifinsa. Duk tsawon mulkin soja tana naɗe cikin buhu a rufin ɗaki, don gudun kada a ƙwace. Ana rantsar da sabuwar gwamnati ya sa aka sauko masa da abarsa.

Ranar nan da sassafe ya sulale zuwa fadamar bayan unguwa, wadda rabinta ya riga ya zama fulotai da sababbin gidaje, ya saki wuta. Ya dawo da tsuntsuwa yana taƙama. Abin da bai sani ba, sauran harsashin ya wuce ya huda kwanon rufin wani gida, inda wata mata ke yi wa jaririnta wanka a tsakar gida. Allah dai ya kiyaye. 'Ya'yansa suka taru suka ce dole a raba shi da bindigar nan, sai dai an rasa mai ƙarfin halin da zai dubi ubansa ya ce masa idonka ya gaza. Shi ne suka turo jikarsa Hephzibah, wadda bikinta ya matso. Jika ce kaɗai za ta wanke kaka tas a gaban mutane ya kuma yi dariya. Ni kam tausayin su biyun nake ji, amma hakan bai hana ni kasa kunne ba.

"Buɗe daron can," in ji Baba Albert, "ki ga abin da namiji ke kawo wa matarsa. Wancan yaron naki Benson, me ya taɓa kawo miki ban da burodi da lemon kwalba?"

Hephzibah ta ɗaga daron. Ga wata ƙatuwar agwagwa baƙa kwance, ko figewa bai bari an yi ba, don yana so unguwa ta gani.

"Kaka, wannan kuma mece ce?"

"Ina za ki sani, 'yar birni? Agwagwar Turai ce. Daga ƙasar ƙanƙara ta taso, ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara, ba ta sauka ko'ina ba sai Kamazou."

"Duk garuruwan duniya ta rasa masauki sai bayan gidan bulo na Kamazou?"

"Labarina ta ji. Ta ce in dai mutuwa ce, gara a hannun gwani."

"Da wannan tumbin ta ƙetare Sahara? Wannan ko kwata ba za ta tsallake ba sai an ɗaga ta."

"Guzuri ne ta ɗauko. Tafiyar da nisa."

"Bari in ga guzurin." Ta buɗe bakin agwagwar ta leƙa. "Dusa ce, Kaka. Har da ƙanzon tuwo. Ashe Turawa ma sun fara tuƙa tuwon masara?"

"A Zariya ta ci wannan."

"Ba yanzu ka ce ba ta sauka ko'ina ba?"

"A sama aka miƙa mata. Mutanen Zariya akwai karamci."

"Kai, tsoho! Ka ji tsoron Allah, gobe fa Lahadi."

"Ke ce ba ki da bangaskiya. Ɗaga fiffikenta ki ga shaida. Turawa alama suke sa wa tsuntsayensu. Tun ba a haifi ubanki ba na harbo wata wajen gadar jirgin ƙasa, da zoben ƙarfe a ƙafarta, da rubutu a jiki. Baturen masaƙa da kansa ya karanta, ya cire hula ya ba ni hannu. Kakarki ta zura zoben a zare ta rataya a wuya, da shi ta koma ga Ubangiji."

"Wannan na yarda, na ga zoben a wuyanta. Amma wancan ƙarfe ne. Wannan ƙyalle ne aka ɗaura."

"Tsadar rayuwa ba ta bar kowa ba. Su ma ƙarfe ya fi ƙarfinsu."

"Ƙyallen atamfar Zumuntar Mata ta coci ne fa. Ga rabin gicciye nan a jiki."

"To Turai babu coci ne? Su wa suka kawo mana?"

"Kaka, mace ɗaya ce a duk Kamazou take yaga tsohon zanenta na Zumunta tana ɗaura wa agwaginta a fiffike, don kada su ɓace cikin na maƙwabta. Mama Esther."

Baba Albert ya ɗan gyara zama. "Wace Esther?"

"Uwar Benson. Surukata. Wadda zan riƙa durƙusa wa daga wata mai zuwa."

Nan ƙafata ta zame daga kan keken ɗinki. Na cusa kai cikin rigar da nake ɗinkawa kamar mai neman allura, dariya tana neman shaƙe ni. Kowa ya san Mama Esther da agwaginta, har suna take sa musu.

Amma Baba Albert ba ya faɗuwa da wuri.

"Madalla! Ɗanta ya ƙwace mini mata, ni na ɗauki agwagwa. An yi canji ke nan. In ma an duba, ni na ci riba. Agwagwa tana ƙwai. Ke ban da surutu me kike yi?"

"Ita ake ta ɗura wa dusa saboda baƙin bikina!"

"To na rage musu wahalar yanka. Ki ce ta aiko da godiya."

"Godiya tana nan zuwa, da muciya a hannu."

"Ta zo. Na ga Yaƙin Basasa da idona."

"A rediyo ka gan shi. Kaka, soja ma sun gaji da bindiga sun koma bariki. Kai kaɗai ka rage kana mulkin soja a unguwar nan."

"Ni ba juyin mulki na yi ba, gadon ubana na ci."

"To yau an yi zaɓe a gidan nan, ka sha ƙasa. An ce ka miƙa makami."

"Su wa suka yi zaɓen?"

"Babana, da Baba Ibrahim, da Anti Grace."

"Maguɗi! Duk ni na haife su, ƙuri'unsu nawa ne. Shi ubanki Friday, da in na ɗura albarushi yake shigewa ƙarƙashin gado, yau shi ne mai tsige ni? Me ya hana shi zuwa da kansa?"

"Ya ce ciwon kai yake."

"Zai ci gaba da yi."

Ya miƙa hannu ya shafo bindigar da ke jingine kusa da kujerarsa, ya ɗora ta a cinya. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Ke ba ki san komai ba, amarya. Duk 'yar da ta fita daga gidan nan, da dinya ta fita. Babbar agwagwar daji nake nufi, baƙa mai farin ciki, mai ƙaya a fiffike, ba wannan kazar gidan gonar taku mai ɗanɗanon katifa ba. Da ita ake yi wa amarya miyar farko a gidan miji, don surukai su san daga gidan maza ta fito. Antinki Grace da dinya ta tafi. Uwarki ma da aka kawo ta, ni na shiga fadama na tarbe ta da ita. Sai ke za a kai hannu sake?"

"Ni na ce maka ina son dinya?"

"Ba a tambayar amarya. Da can, daga ƙofar gidan nan har kogi ba ka ganin rufin kowa, sai ciyawa da ta fi mutum tsawo. In na tashi aiki a masaƙa, da auduga a kaina nake wucewa fadama. Ruwa har gwiwa, sauro yana cina, ban ko motsa. In suka tashi gaba ɗaya, sai ki ji iska a fuskarki. Kakarki tana jin ƙarar bindiga daga nan take ɗora tukunya, ba ta jiran ta ga nama. Ta san ba na kuskure."

Hephzibah ta ja kujerar tsugune ta zauna daf da ƙafarsa.

"Kaka, yau da ka harba, me ka gani?"

"Baƙin abu na gani yana motsi a bakin ruwa."

"A bayan baƙin abun fa?"

"Giginya. Tsohuwar giginyar da nake laɓewa gindinta."

"An sare giginyar nan tun ina firamare. Gida ne a wurin yanzu, baƙin fenti aka yi wa tankin ruwansu. Harsashinka ya huda musu kwano. Matar gidan tana tsakar gida da jariri a baho."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja haka ba. Hannunsa ya sauka daga kan bindigar kamar ta ƙone shi.

"Jaririn fa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Uwar ce dai har yanzu jikinta ke rawa."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Wa zai gaya maka? Duk tsoronka suke ji. Ni kaɗai ce ban ɗauke ka a bakin komai ba."

"Mara kunya."

"Gado na yi."

Ni kam na kasa taka keken, don raina ya ɓaci ƙwarai, kamar ni aka ce wa zamanina ya wuce. Can ya ciro hankici daga aljihu, ya goge bindigar tun daga baki har gindi, a hankali. Sannan ya ɗaga ta da hannu biyu ya miƙa wajen da yake jin numfashin jikarsa.

"Ungo. Tunda mijin da kika zaɓa ko danƙon harbin ƙadangare ba shi da shi, riƙe wannan ki dinga tsaron sa. Gudummawata ce ta biki."

"Amarya da bindiga cikin kayan ɗaki? Fasto zai ɗaura auren kuwa?"

"Da sauri ma. Ki gaya wa ubanki ba shi na ba wa ba, ke na ba wa. Ki ɗauki agwagwar nan ki mayar wa Esther, ki ce gobe bayan sujada zan zo da ƙafata. Gidan mai jaririn ma ke za ki raka ni, tunda bakinki ba ya mutuwa."

"Sai dai ka sa sabuwar riga. Ba na yawo da miji kaca-kaca."

Ta rataya bindigar a kafaɗa, ta kama agwagwar ta ƙafafu. Har ta juya ya kira ta.

"Amarya."

"Na'am, tsoho."

"Asabar mai zuwa ki zo da safe ki ja ni bakin kogi. Ido ya tafi, amma kunne yana nan. Kirinjijiya nake so in ji, ƙananan nan masu farar fuska, masu fito in sun taso."

Hephzibah ta dube ni, na dube ta. Mu duka mun san an daɗe rabon da a ji kirinjijiya a wannan gefen kogin.

"Kaka, ba sa zuwa yanzu."

"Na sani. Ke za ki shiga ciyawa ki yi mini irin nasu. Ba ni na koya miki ba, kina zaune a wuyana kina ja mini kunne?"

"In shiga ciyawa ina kukan agwagwa, kai kana kusa? Don ka harbe ni?"

"Da me, ja'ira? Ba ga ta nan a kafaɗarki ba?"

Ya fashe da dariya har da tari, ita ma tana dariya tana share ido da bayan hannu. Da ta kai bakin ƙofar gida sai ta tsaya, ta tsuke baki, ta saki wani siririn fito mai daɗi. Baba Albert bai san lokacin da ya ɗaga kai sama ba, yana neman ta inda za su ɓullo.