Wanda Ya Yabi Littafina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka gayyace ni wata makarantar sakandare a Kebbe ba, bayan fitowar littafina na farko. Ina koyarwa a Tambuwal, amma a lokacin ji nake kamar duk Sakkwato ba wanda ya kai ni iya riƙe alƙalami.

Mutum biyu ne suka yi sharhin littafin a zaurenmu na marubuta na waya. Ɗaya Malam Bello ne, abokin mijina, wanda ya ce rabon da ya ga labari mai ratsa zuciya irin wannan har ya manta. (Na haddace maganar kamar karatun allo.) Ɗayar kuwa wata ma'aikaciyar asibiti ce a Kebbe, Malama Hadiza. Ta ce farkon ya yi daɗi, amma tsakiyar ta yi tsawo, kuma na kashe jarumata Saratu ne don na rasa yadda zan yi da ita. Sai na gaya wa mijina hassada ce, na yi kwanaki ina cika ina batsewa.

Ranar taron na hango su duka biyun a cikin ɗakin. Sai shaiɗan ya raɗa mini dabara. Bayan na gama jawabi na ce, "Akwai masu karatu da zuciya ɗaya, akwai masu neman aibu. Malam Bello, taso ka gaya wa ɗalibai inda ya fi burge ka."

Ya miƙe a hankali yana gyara hula.

"To, Hajiya, wanga littafi ai duk ya yi. Amma ƙarshen nan, inda Saratu ta yi aure ta zauna lafiya, shi ya fi taɓa ni."

Sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai Saratu rasuwa ta yi." Dariya ta ɓarke. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage, da na shige. Ashe bawan Allah bangon littafin kawai ya duba, ya yi mini kara saboda mijina.

Da aka tashi, Malama Hadiza ta iske ni ina neman mai babur. Littafin na hannunta, gefensa duk ya lanƙwashe.

"'Yar'uwa, kada ki damu," ta ce. "Sau biyu na karanta shi. Saratu ce ta ba ni tausayi, shi ya sa na yi miki faɗa."

Har muka kai Tambuwal, babur na ta jijjiga ni a ramuka, maganar nan nake juyawa. Yanzu idan aka yabe ni nakan yi godiya, sannan in tambaya cikin ladabi, "Wa ya mutu a ciki?"